Kofi 21 a jami'a ɗaya: gwanintar koci ce ko rashin abokin karawa?

Abban Sultan: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya, kuma ba neman faɗa ya kawo ni ba. Duk sanda aka ɗauko zancen manyan kociyoyin ƙwallon mata, sai an jefo sunan Anson Dorrance na Jami'ar North Carolina, wai ya ɗauki kofin jami'o'in Amurka sau 21, ya riƙe ƙungiya ɗaya tun 1979 har 2024. To wannan ai wasan 'yan makaranta ne. Da me za a auna shi? Kuma da irin wannan shaidar ce fa aka ɗauko Randy Waldrum aka damƙa masa Super Falcons, yana can yana aikinsa na jami'a, sai ya samu sarari ya leƙo mu. Masana a warware mana.

Zee Jos: Wa alaikumus salam. Yaya, wasan 'yan makarantar nan shi ya fitar da Mia Hamm da Kristine Lilly da Abby Wambach da Alex Morgan. Amurka ta ɗauki kofin duniya na mata sau 4, kuma kusan duk waɗanda suka ci mata shi ta jami'a suka biyo.

Abban Sultan: Ƙanwata, ban ce ba a fitar da 'yan wasa ba. Kocin nake tambaya. In duk yarinyar da ta iya ƙwallo a ƙasa wurinka take zuwa, ko ni aka ba wa usur zan ci kofi.

Bamaraɗe a Greensboro: Malam Abba, bari in sa baki, don daga inda nake zuwa Chapel Hill, garin da jami'ar take, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Sai an fara fahimtar tsarin tukuna. A 1972 Amurka ta yi wata doka da ake kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Jami'o'in nan kuwa suna zuba dukiya a ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta maza, ƙungiya ɗaya sai ka ga yara sun kai ɗari. Dole suka nemi wasan da zai ɗauki mata da yawa don ma'aunin ya daidaita, ƙwallon ƙafa kuma ta dace da hakan. Shi ya sa shekaru da dama doka ta ba ƙungiyar mata a babban rukuni damar raba tallafin karatu 14, ta maza kuwa bai kai 10 ba.

Yau jami'o'i sama da 300 ne ke buga ƙwallon mata a babban rukuni kaɗai. Suna da fili, da likita, da ɗakin motsa jiki, da jirgin zuwa wasa. Lokacin da babu gasar ƙwararru ta mata a ko'ina, nan ne wurin da mace za ta buga ƙwallo kullum a ciyar da ita a ba ta digiri. Kada kalmar makaranta ta sa ka hango intahaus.

Abban Sultan: Alhaji, ka ƙarfafa maganata ke nan. Doka da kuɗi ne suka yi aikin. Ga lissafi: an fara gasar mata ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 1982 da ƙungiyoyi 12 kacal. Daga 1982 zuwa 1994 an buga sau 13, North Carolina ta ɗauki 12, George Mason ce kaɗai ta fizge na 1985. Da sauran jami'o'i suka farka fa? Kofinsa na ƙarshe 2012 ne. Ya je wasan ƙarshe a 2018 Florida State ta doke shi, 2019 Stanford ta doke shi a fenariti, 2022 yana gaba da ci 2 UCLA ta farke ta ƙara ɗaya. Yana ajiye aiki a 2024, Damon Nahas da aka ba riƙon ƙwarya ya ɗauko kofin a kakar. Me ya rage a faɗa?

Koci Garba: Sannunku. Abba, ka iya lissafi amma ka tsallake layi. Tsakanin 1996 da 2012 ya ƙara kofi 9, a lokacin kowa ya farka, tun 2001 ma ƙungiyoyi 64 ke shiga gasar. Ka nuna mini wani koci ɗaya da ya tara 9 a duk rayuwarsa a wannan gasa. Babu. Mark Krikorian na Florida State 3 ya ci, 2014 da 2018 da 2021. Paul Ratcliffe na Stanford ya ci 2011 da 2017 da 2019. Waɗannan su ne manyan da ke bin bayansa.

Kuma ku da ba ku taɓa riƙe yara ba, ba ku san wahalar aikin ba. Kocin kulob kasuwa yake zuwa ya sayo dafaffe. Kocin jami'a shi zai yi surfe, ya kai niƙa, ya tuƙa, yana gama tuƙawa a zo a ɗauke tukunyar, ya koma ya hura wata wutar. Shekara huɗu kawai yarinya take da ita. Duk kaka gwanayenka na tafiya, ba ka da kuɗin sayen wata, sai dai ka bi gida-gida kana lallashin iyayen 'yar shekara 16. Ga doka ta ƙayyade awannin atisaye, ba za su wuce 20 a mako ba, kuma in yarinya ta faɗi jarrabawa benci za ta zauna ko ita ce ke ci maka ƙwallo. Mutumin da ya ci kofi sau 9 a jere a haka, daga 1986 zuwa 1994, ya canja 'yan wasa gaba ɗaya fiye da sau biyu a tsakani. Har ya yi wasa 92 a jere yana nasara, ko canjaras babu.

Zee Jos: Baba Koci, a gaya masa maganar rubuta maki a atisaye.

Koci Garba: Yauwa 'yata, nan ne ma ni ya fi burge ni. Dorrance ya je kallon atisayen Dean Smith, kocin ƙwallon kwando na jami'ar, ya ga ana rubuta komai. Sai ya ɗauko. Duk abin da aka yi a atisaye, tsere ne, karo ɗaya da ɗaya ne, bugun raga ne, akwai mai riƙe da takarda yana rubuta wa ya ci wa ya faɗi. A jera sunaye daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, a kafe kowa ya gani. Dalilinsa shi ne ya lura 'yan mata na jin nauyin ƙawayensu, ba sa son kayar da juna a atisaye don kada zumunci ya ɓaci. Da aka kafe takarda, kunya ta koma wurin wadda ta ja baya. Ni na gwada da yaran unguwa, maza ma, kuma yana aiki, sai dai wanda ke ƙasan takarda kullum in ba ka ja shi a jiki ba za ka neme shi ka rasa.

Sannan ya yi amfani da dokar canji ta jami'a, wadda ta yarda a canja 'yan wasa da yawa, wadda ta fita ma ta iya dawowa. Sai ya sa uku a gaba su yi ta matsa wa 'yan baya, sun gaji ya zuba wasu. Masu sukarsa sun ce wannan gudu ne ba ƙwallo ba, kuma a nan ina ganin suna da ɗan gaskiya.

Abban Sultan: To ka gani. Dabarar da ba za ta yi aiki a filin FIFA ba.

Bamaraɗe a Greensboro: Ta yi aiki kuwa. Shi ne ya kai Amurka kofin duniya na farko a Sin a 1991, yana riƙe da aikin jami'arsa a lokacin. Suka doke Nowe 2 da 1 a wasan ƙarshe, Michelle Akers ta ci duka biyun, kuma kusan rabin tawagar yaransa ne na North Carolina.

Maman Nusaiba: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina jira a zo inda nake so, ba a zo ba. Duk kun tsaya ƙirga kofi. Jill Ellis ta yi shekaru 12 a UCLA, ta kai su zagayen 'yan huɗu sau 8, ko sau ɗaya ba ta ɗauki kofin ba. Da ma'auninku da an ce ba ta iya ba. Ita ce ta zo ta ci wa Amurka kofin duniya biyu a jere, 2015 da 2019. Len Tsantiris ya yi shekaru 37 a Connecticut, ya je wasan ƙarshe sau 4 ya dawo hannu rabbana, amma wa zai ce ya yi aikin banza? Gasar nan ta sili ɗaya ƙwale ce, wasa ɗaya a cikin sanyin Disamba, ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo, shi ke nan aikin shekara ya tafi.

Abin da ya fi damuna daban ne. Wasan mata ne, amma daga 1982 zuwa 2024 mata huɗu ne kawai suka ɗauki kofin babban rukuni a matsayin shugabar masu horarwa. Becky Burleigh ta fara a 1998 da Florida, ƙungiyar da ita ta kafa ta a 1995, kuma North Carolina ɗin ta doke da ci ɗaya mai ban haushi. Sai Amanda Cromwell a 2013, Erica Walsh ta Penn State a 2015, sai Margueritte Aozasa da UCLA a 2022, wadda Malam Abba ya ambaci wasanta bai ambaci sunanta ba. Shekararta ta farko ke nan a kujerar. Da aikin ba shi da albashi mata aka bar wa, da kuɗi ya shigo maza suka cika wurin.

Abban Sultan: Hajiya, ba da gangan na tsallake ta ba, wanda ya sha kashi nake magana a kai.

Maman Nusaiba: Na sani. Kuma tunda ana yabo, a faɗi ɗaya gefen. A 1998 tsofaffin 'yan wasansa biyu sun kai Dorrance da jami'ar kotu, suna zarginsa da cin zarafi ta hanyar maganganun batsa da tono sirrin rayuwarsu. Shari'ar ɗayarsu ta kai shekara goma ana jan ta. Ba a kai ga hukunci ba, sulhu aka yi, jami'a ta biya kuɗi, shi kuma ya rubuta takardar ban haƙuri. Ba ina cewa a goge kofunansa ba ne. Ina cewa mutumin da ke riƙe da tallafin karatun yarinya yana riƙe da makomarta, in ya ce ba ta buga ba ta buga ba. Duk uwa za ta fara tambayar wannan kafin ta tambayi kofi nawa ya ci.

Koci Garba: Wannan magana haka take, Hajiya. Ba a Amurka kaɗai ba.

Sadiq Gunners: Ni dai har yanzu ban ga abin da ya kai mace filin ƙwallo ba, balle a zauna ana muhawara a kai.

Admin: Sadiq, an yi wannan muhawarar an rufe ta. Mai son ta ya buɗe nasa zaren. A ci gaba.

Zee Jos: Mu dawo kan Waldrum, don can Yaya Abba ya nufa tun farko. Mutumin nan ya ci kofi biyu da Notre Dame, 2004 da 2010. Na 2004 ɗin ma Jill Ellis ya doke a fenariti. Da ya koma Pittsburgh ya tarar da ƙungiyar da ba ta taɓa shiga gasar ƙasa ba, kullum tana gindin teburi. A 2022 ya shigar da su, a 2023 suka kai zagayen 'yan takwas. Ni a wurina wannan ya fi kofi a Notre Dame wuya.

Abban Sultan: Ki ƙarasa mana. Da aka ba shi ƙwararru a Houston Dash daga 2014 zuwa 2017, ko sau ɗaya bai kai su wasannin fitar da gwani ba. A gasar Afirka ta 2022 a Maroko na huɗu muka yi, har Zambiya ta doke mu. Mu da muka saba ɗauko kofin nan kamar gadonmu. A Olamfik ta Paris wasa uku muka buga, uku aka ci mu. Yana tafiya Justin Madugu, ɗan Adamawa, ya je Rabat ya ɗauko kofi na 10, bayan Maroko ta fara cin mu biyu. Kuma kafin a haifi zancen wani Waldrum, marigayi Ismaila Mabo na garinku Jos ya kai Falcons zagayen 'yan takwas a kofin duniya na 1999. Har yau ba wanda ya kai can.

Zee Jos: Allah ya jiƙan Baba Mabo, ba wanda zai taɓa masa wannan. Amma Yaya, wa ta ci ƙwallon da ta ba Madugu kofi a Rabat? Jennifer Echegini. A zamanin wa ta fara sa rigar Najeriya? Waldrum, tana ɗaliba a Mississippi State. Daga nan ta koma Florida State, ta ci kofin 2023 a hannun Brian Pensky ba a doke su ko sau ɗaya ba, aka ba ta kyautar gwarzuwar jami'o'in Amurka. Michelle Alozie ta yi Yale da Tennessee. Ifeoma Onumonu ta yi California. Toni Payne ta yi Duke. Ashleigh Plumptre na cikin tawagar USC da ta ci kofin 2016. Aikin da kocin jami'a ya fi kowa iyawa shi ne farautar 'yan wasa da shawo kansu, kuma shi ya yi mana. Madugu ma ai mataimakinsa ne.

Sannan Olamfik ɗin da kake cewa, rabonmu da zuwa tun 2008. Rukunin da muka faɗa kuwa Brazil ne da Sifaniya da Japan, biyun farko kowacce da ci ɗaya da nema ta sha.

Bamaraɗe a Greensboro: Ni ba ɗan Najeriya ba ne, amma ranar wasanku da Ingila na kofin duniya a Brisbane a 2023 ban yi barci ba. Ku dubi abin da ke filin ranar. A benci ɗaya Waldrum na Pittsburgh. A ɗayan Sarina Wiegman, wadda ta taso daga Holan ta buga wa Dorrance a 1989 ta ci kofi da shi. A cikin fili ga Lucy Bronze da Alessia Russo, duk sun sa rigar North Carolina. Minti 120 ba ci, Plumptre ta daki ƙarfe, aka ba Lauren James jan kati don ta taka Alozie, sai a fenariti Ingila ta tsira. Kafin nan kun riƙe Kanada, kun doke Ostireliya 3 da 2 a gidanta, kuma Uchenna Kanu da ta fara farkewa ita ma wata ƙaramar jami'a ta yi a Florida. Malam Abba, in wasan 'yan makaranta ne, to 'yan makarantar sun cika filin ranar.

Abban Sultan: Alhaji, na ji. Amma tsare gida ya yi, ya jira kuskure. Ƙwallo uku muka ci a wasa huɗu, duka a wasa ɗaya. Kuma har gobe ban yarda ƙasa kamar Najeriya ta ɗauki koci mai raba ƙafa ba.

Koci Garba: Raba ƙafar kam ban so ta ba ni ma. Sai dai ka tuna kafin gasar shi da kansa ya fito ya ce yana bin hukumar ƙwallo albashin watanni, aka yi ta musayar kalamai a jaridu. Albashin jami'a ne ya ba shi bakin magana. Kocinmu na gida da ba shi da wata madogara, in ya faɗi rabin haka washegari ya zama tsohon koci.

Ɗan Zongo Kumasi: Gaisuwa ga manya. Mu ma a Gana ta wannan hanyar Alberta Sackey da Adjoa Bayor suka bi, wata kwaleji a Illinois, kuma dukkansu sun zama gwarzuwar Afirka. Ku ma Mercy Akide da Florence Omagbemi sun je Milligan a Tennessee bayan gasar 1999. Ba yau aka fara ba. Amma ni kocin da na fi so ba a ambace shi ba: Clive Charles na Portland. Baƙar fata ne ɗan Landan, tsohon ɗan bayan West Ham. A 1972 shi da Clyde Best da Ade Coker, haifaffen Legas, suka fito wa West Ham a wasa ɗaya, abin da ba a saba gani ba a Ingila a lokacin. Ya riƙe ƙungiyar maza da ta mata a ƙaramar jami'a, ya yi ta kaiwa bakin kofi yana dawowa. Sai a 2002, yana fama da ciwon daji, yaransa suka doke Santa Clara 2 da 1, Christine Sinclair ta ci duka. A 2003 ya rasu. Kofi ɗaya ne, amma Sinclair ɗin nan ta ci wa Kanada ƙwallo 190, ba namiji ba mace da ya kai ta.

Zee Jos: Ita ce mai tsaron ragarmu Nnadozie ta tare wa fenariti a kofin duniya na 2023. A dai riƙa tunawa.

Maman Nusaiba: Tambaya ga Alhaji. Yanzu da kulob-kulob na Turai ke biyan mata kuɗi sosai, zamanin kociyoyin nan bai wuce ba?

Bamaraɗe a Greensboro: Hajiya, ya fara sauyawa. Tun 2012 Lindsey Horan ta ajiye gurbin North Carolina ta tafi PSG. Alyssa Thompson ta fasa zuwa Stanford ta shiga ƙwararru kai tsaye. A 2024 gasar ƙwararru ta matan Amurka, NWSL, ta soke tsarin da kulob ke zaɓar ɗalibai bi da bi, yanzu kowace yarinya da kanta take ciniki. Ga kuma sauƙin sauya makaranta: in koci ya ajiye ki a benci bana, baɗi kina wata jami'ar. Da Sweden ta fitar da Amurka a zagayen 'yan 16 a 2023, da yawa a nan jami'o'i suka ɗora wa laifi, suka ce kakar wata huɗu ba za ta yi gogayya da yarinyar da ke Barcelona tun tana ƙarama ba. Ko da yake Emma Hayes da aka ɗauko daga Chelsea ta ci musu zinare a Paris, ita ma ta taɓa horar da wata ƙaramar kwaleji, Iona, a New York. Abin da na tabbata shi ne ba za a sake samun mai kofi 21 ba. Ko Dorrance ɗin aka dawo da shi yana matashi ba zai iya ba.

Abban Sultan: Alhamdu lillahi, ƙarshe dai an dawo kan maganata. Zamani ne ya ba shi.

Koci Garba: Zamanin ai kowa ya same shi, Abba. Jami'o'i nawa ne ke da fili da kuɗi a 1982? Me ya hana su?

Maman Nusaiba: Ku bar shi, ba zai sauka ba. Alhaji, ni wata 'yar ƙanwata ce a Lafiya take buga ƙwallo, kuma tana da ƙoƙari a aji. Deborah Abiodun daga Rivers Angels ta tafi Pittsburgh, to yaya ake yi?

Bamaraɗe a Greensboro: Abiodun ta buga wa ƙasa, koci ya gan ta da idonsa. Wadda ba ta kai nan ba sai ta haɗa bidiyon wasanninta cikakku, ba yankan wuraren da ta yi kyau kaɗai ba, da sakamakon WAEC mai kyau, a yi mata rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA, sannan a rubuta wa kociyoyi kai tsaye, adireshinsu na shafin kowace jami'a. Kada a raina ƙananan kwalejoji na shekara biyu, ta nan da yawa suke shiga. A kula da maganar karɓar kuɗin wasa, a tambaya kafin ta sa hannu a kowace takarda. Courtney Dike ta ƙi karɓar alawus ɗinta bayan gasar 'yan ƙasa da 20 ta 2014 don kada ta rasa gurbinta a Oklahoma State. Dokokin sun sassauta tun daga lokacin, amma mai bizar karatu har yanzu da sauran takunkumi a kanta. Kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo mata gurbi tabbas, a riƙe aljihu. Ki turo mini saƙo ta gefe in duba bidiyon.

Abban Sultan: In ta samu, Hajiya, a kai ta wurin mace. Huɗun nan naki su zama biyar.

Maman Nusaiba: Sai ka fara yarda cewa koci na da amfani tukuna.